Yadda ake saita agogon gadi na watchdog a kanel ɗin Linux

Duk wanda ke kula da kwamfutar da ba a gabansa take ba, saba ce (server, kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) a ofishin wani gari ko ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi da aka maƙala a saman hasumiya, ya san takaicin ranar da za ta sandare. Wuta na nan, fitilarta na ci, amma ba ta amsa kowa. Danna maɓalli ɗaya ne maganin, sai dai mai dannawar yana can nesa. Don irin wannan rana aka yi agogon gadi, wanda a Linux ake kira watchdog. Wani ɗan ma'ƙirgi ne a cikin cif ɗin na'urar, yana ƙidaya daƙiƙoƙi zuwa sifili, kuma bai dogara da lafiyar manhaja ba. Muddin wata manhaja na taɓa shi a kan kari, sai ya koma farkon ƙidaya. Ranar da aka daina taɓa shi, ya kai sifili, sai ya sake tayar da na'urar da ƙarfin tsiya. Tamkar maigadi ne da ka ce wa, "In minti ɗaya ya wuce ba ka ji motsina ba, ɓalle ƙofar."

Akwai abubuwa biyu da ake yawan rikita su da shi, gara a kawar da su tun yanzu. Na farko, ɗaukewar wuta ba aikinsa ba ne. In kana son injin ya tashi da kansa bayan an dawo da wuta, a BIOS, wato manhajar da ke cikin allon injin wadda ke fara tashi kafin Linux, ake saita wannan. Na biyu, saƙon nan mai cewa `watchdog: BUG: soft lockup - CPU#0 stuck` ba daga gare shi yake fitowa ba. Wannan wani ɓangare ne na kanel, wato zuciyar Linux, mai lura da furosesa in ta maƙale, shi ake sarrafawa da `nmi_watchdog` da `nowatchdog` da `kernel.watchdog_thresh`. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Namu shi ne mai fitowa a `/dev/watchdog`, direbobinsa kuma, wato manhajojin da ke magana da cif ɗin, suna cikin `drivers/watchdog/` a tushen kanel.

Mataki na 1: Gano wane agogo ne a injinka

Shiga a matsayin `root` da `sudo -i`, ka duba abin da ke nan tun kafin ka taɓa komai:

```
ls -l /dev/watchdog*
dmesg | grep -i -E 'wdt|watchdog|tco'
cat /sys/class/watchdog/watchdog0/identity
```

In ka ga `/dev/watchdog0`, to direba ya riga ya hau, kana iya wucewa mataki na 3 kai tsaye. In babu, irin injin ne zai gaya maka direban da za ka nema. Akasarin injinan Intel `iTCO_wdt` ne, na AMD `sp5100_tco`, Raspberry Pi kuma `bcm2835_wdt`. Manyan sabobi masu IPMI, wato tsarin kula da injin daga nesa, suna da `ipmi_watchdog`, wanda shi a `drivers/char/ipmi/` yake zaune. Wasu injinan BIOS ɗinsu na gabatar da agogon ta teburin ACPI mai suna WDAT. Duba da `ls /sys/firmware/acpi/tables`. In teburin na nan, `wdat_wdt` kanel zai fifita, ya ƙyale na Intel, saboda haka kada ka ɓata lokaci kana tilasta `iTCO_wdt`.

Sai `softdog`, tsohon direba wanda Alan Cox ya rubuta tun 1996. Shi babu wani cif a bayansa, da agogon kanel ɗin kansa yake ƙidaya. Yana da amfani in manhajojin sama ne suka tsaya alhali kanel na da rai. Amma in kanel ɗin ne ya daskare gaba ɗaya, tare za su daskare. A ganina, wurin koyo da gwaji ya dace da shi, ko injin da babu wata mafita.

Wanda yake jin tsoron gwaji a kan injin gaske ya fara da QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta. Ƙara `-device i6300esb` a umarnin tayar da shi, za ka samu agogon Intel 6300ESB na kwaikwayo, direbansa `i6300esb`. Duk abin da ke ƙasa zai yi aiki a kansa.

Mataki na 2: Zaɓuɓɓukan kanel

Kanel ɗin da Debian da Ubuntu da Fedora ke rabawa sun riga sun zo da akasarin direbobin nan a matsayin modul, wato gutsuren da ake ɗora wa kanel bayan ya tashi. Ga yadda za ka tabbatar:

```
grep -E 'WATCHDOG|WDT|TCO' /boot/config-$(uname -r)
```

In babu wannan fayil ɗin, gwada `zcat /proc/config.gz`. Wanda ke gina kanel da kansa kuwa sai ya buɗe `make menuconfig`, ya shiga `Device Drivers`, daga nan `Watchdog Timer Support`. Ni na fi son `scripts/config`, don ana iya adana umarnin a maimaita shi gobe ba tare da an manta da wani abu ba:

```
scripts/config --enable WATCHDOG
scripts/config --enable WATCHDOG_CORE
scripts/config --enable WATCHDOG_SYSFS
scripts/config --enable WATCHDOG_HANDLE_BOOT_ENABLED
scripts/config --disable WATCHDOG_NOWAYOUT
scripts/config --enable ITCO_WDT
scripts/config --module SOFT_WATCHDOG
make olddefconfig
```

Bayan `olddefconfig` ka sake buɗe `.config` ka duba da idonka. In akwai abin da direban ya dogara da shi kuma ba a kunna ba, zaɓin naka zai ɓace shiru, ba tare da wani gargaɗi ba. Na Intel ma yana da wani ƙarin sharaɗi: ba shi ke gano cif ɗin da kansa ba, `lpc_ich` ne ke gabatar masa da shi a tsofaffin injina, `i2c_i801` kuma a sababbi. In waɗannan ba su hau ba, `iTCO_wdt` zai shiga ya zauna babu abin da zai kama.

`WATCHDOG_CORE` shi ne gindin da direbobin zamani ke tsaye a kai. Shi ke kula da buɗewa da rufe `/dev/watchdog`, direba kuma aikinsa kawai magana da cif. `WATCHDOG_SYSFS` kada ka bar shi a kashe, domin shi ke ba ka damar karanta halin agogon ba tare da ka buɗe shi ba, kuma nan gaba kaɗan za ka ga dalilin da ya sa buɗewar ba abin wasa ba ce. `NOWAYOUT` kuwa da gangan muka kashe shi. Lokacinsa na zuwa, a can ƙarshe.

A gina direba a cikin kanel, wato `y`, ko a bar shi modul, wato `m`? A kan kwamfutar tebur ko sabar ofis modul ya wadatar. A kan ƙananan alluna masu U-Boot kuwa, wato manhajar da ke tayar da kanel, `y` za ka zaɓa. Sau da yawa U-Boot ya riga ya kunna agogon tun kafin kanel ya tashi. In direban modul ne da ke jiran a ɗora faifai kafin ya hau, ƙidayar na iya ƙarewa a hanya, na'urar ta yi ta tashi tana faɗuwa ba iyaka, kai kuma kana can kana zargin katin ajiya.

Masu Raspberry Pi su fara duba `/dev/watchdog0`. In babu, su ƙara `dtparam=watchdog=on` a `config.txt`, wanda a sababbin Raspberry Pi OS yake cikin `/boot/firmware/`. Wani abin lura: a Pi 3 da Pi 4 wannan direban ne ke ɗauke da aikin sake tayar da allon in an ba da umarnin `reboot`, don haka ko ba ka bukatar gadin, kada ka cire shi daga kanel.

Mataki na 3: Ɗora direba da saita wa'adinsa

```
modinfo -p iTCO_wdt
modprobe iTCO_wdt
dmesg | tail
```

Umarnin farko zai jera maka abubuwan da direban ke karɓa. Sunayen sun bambanta: wa'adi a `iTCO_wdt` sunansa `heartbeat`, asalinsa daƙiƙa 30, a `softdog` kuma `soft_margin`, asalinsa 60. Rubuta naka a `/etc/modprobe.d/watchdog.conf`:

```
options iTCO_wdt heartbeat=60 nowayout=0
```

In a cikin kanel ka gina shi, wannan fayil ba ya tasiri a kansa. Sai dai ka sa `iTCO_wdt.heartbeat=60` a layin umarnin kanel, wato cikin `GRUB_CMDLINE_LINUX` a `/etc/default/grub`, ka gudanar da `update-grub` in Debian ko Ubuntu ne. A allunan ARM kuma da yawa daga direbobin na karanta `timeout-sec` daga bishiyar na'urori.

Matsaloli biyu ne suka fi tare mutane a nan. Ta farko, `dmesg` ya nuna `unable to reset NO_REBOOT flag, device disabled by hardware/BIOS`. Ma'anarsa BIOS ko allon kansa ya hana agogon tayar da injin, kuma babu zaɓin kanel da zai gyara wannan. Shiga BIOS ka nemi abin da ya shafi watchdog ko TCO. In babu, ka haƙura da wannan agogon ka nemi wani.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Ubuntu na saka direbobin watchdog a jerin waɗanda ba a ɗora su kai tsaye. Da hannu `modprobe` zai yi aiki lafiya lau, sai ka ɗauka ka gama, amma in an sake tashi babu direba. Duba haka:

```
grep -r -i itco /etc/modprobe.d /lib/modprobe.d
```

Sa sunan a `/etc/modules-load.d/` ba zai fid da kai ba, domin `systemd-modules-load` shi ma yana mutunta jerin hanin. Ko dai ka cire hanin, ko ka rubuta ƙaramin sabis mai kiran `modprobe` lokacin tashi, ko kuma, in kana amfani da kunshin `watchdog` na Debian da Ubuntu, ka sa sunan direban a `watchdog_module` cikin `/etc/default/watchdog`.

In agogo ya fi ɗaya, wanda ya fara rajista shi ne `watchdog0`, kuma shi `/dev/watchdog` ke nufi. Ka ga ke nan in `softdog` ya riga na cif hawa, kana iya shafe watanni kana dogaro da na bogi ba ka sani ba. Karanta `identity` na kowanne kafin ka yarda.

Mataki na 4: Gwajin hannu, da harafin V

Wannan shi ne wurin da ya kamata a natsu. Buɗe `/dev/watchdog0` kawai ya isa ya kunna agogon. Ko `cat` ka yi masa don leƙe, ka riga ka tayar da ƙidaya. Duk wani rubutu da aka yi masa ana ɗaukarsa taɓawa ce. Rufe fayil ɗin kuma ba ya kashe shi, sai in an rubuta babban harafi `V` kafin rufewar. Hikimar a fili take: manhajar da ta mutu ba shiri, kanel zai rufe mata fayilolinta, amma ba za ta samu damar rubuta `V` ba. Da wannan harafin ake bambance mai fita da sallama da wanda ya faɗi.

Rufe duk aikin da kake yi, ka gudanar da `sync`, sannan:

```
printf 1 > /dev/watchdog0
cat /sys/class/watchdog/watchdog0/state
dmesg | tail -2
printf V > /dev/watchdog0
cat /sys/class/watchdog/watchdog0/state
```

Bayan layin farko ya kamata ka ga `active`, kuma `dmesg` ya nuna `watchdog did not stop!`. Wannan ba kuskure ba ne, shaida ce cewa ƙidaya na tafiya. In direban na bayar da `timeleft`, karanta shi sau biyu za ka ga lambar na sauka. Bayan `V` sai ya koma `inactive`. Akwai 'yan direbobin da ba su san wannan harafi ba, su da an rufe fayil suke tsayawa. Umarnin `wdctl` na kunshin `util-linux` zai nuna maka ko naka na da `MAGICCLOSE`.

Yanzu sake rubuta `1`, ka janye hannunka, ka zuba wa agogon bango ido. In wa'adi ya cika injin ya faɗi ya tashi, cif ɗin na aiki. In ya wuce ninki biyu na wa'adin babu abin da ya faru, ka tsaya nan. Babu amfanin ci gaba da gini a kan agogon da ba ya tayar da injin.

Mataki na 5: Wa zai riƙa taɓa shi

Manhaja ɗaya tak ke iya riƙe agogo a lokaci guda. Ta biyu za ta samu `Device or resource busy`. Don haka zaɓi ɗaya.

Mafi sauƙi shi ne `systemd`, manhajar da ke tayar da sabis-sabis tana kula da su a yawancin Linux. Ƙirƙiri `/etc/systemd/system.conf.d/watchdog.conf`:

```
[Manager]
RuntimeWatchdogSec=30
RebootWatchdogSec=10min
WatchdogDevice=/dev/watchdog0
```

Sai `systemctl daemon-reexec`, ka duba `state` ya zama `active`. Daga nan `systemd` zai riƙa taɓa agogon aƙalla sau ɗaya a kowane rabin wa'adi. Layi na biyu yana gadin lokacin da injin ke ƙoƙarin sake tashi, wanda shi ma wuri ne da ake yawan maƙalewa, musamman in akwai faifan da ke kan wata saba ta nesa. A tsofaffin `systemd` sunansa `ShutdownWatchdogSec`.

Wa'adin Raspberry Pi na da iyaka: ma'ƙirginsa ba ya wuce kimanin daƙiƙa 15. In ka nemi 30 a kanel ɗin da direbansa bai iya cike gibin ba, saitin ba zai karɓu ba. Sa 10 ko 14 ka huta. A sauran injina kuwa, kada zumuɗi ya sa ka matse wa'adin. Sabar da ke fama da nauyin aiki na iya jinkiri na ɗan lokaci ta farfaɗo, kuma tayar da ita da ƙarfi na nufin asarar duk abin da bai sauka faifai ba. Daƙiƙa 30 zuwa 60 sun ishi yawancin ayyuka.

Sai dai ka san iyakar wannan gadin. Abin da yake tabbatarwa kawai shi ne kanel da `systemd` na numfashi. Manhajarka ta ainihi, wadda don ita aka ajiye injin, tana iya mutuwa `systemd` na ci gaba da taɓa agogo hankali kwance. Don rufe wannan ƙofa, sa wannan a fayil ɗin sabis ɗinta:

```
[Unit]
StartLimitIntervalSec=300
StartLimitBurst=4
StartLimitAction=reboot

[Service]
WatchdogSec=30
Restart=on-failure
```

Dole manhajar ta riƙa aika `WATCHDOG=1` ta `sd_notify`, in ba haka ba `systemd` zai kashe ta duk bayan daƙiƙa 30. Inda aka sa kiran a cikin manhajar shi ne komai. Sa shi a cikin zagayen da ke yin aikin gaske, bayan an karanta na'ura ko an amsa buƙata. In ka ware masa zare (thread) na daban mai aikawa ba ruwansa da sauran, zai yi ta cewa lafiya lau alhali aikin ya daɗe da tsayawa.

Hanya ta biyu ita ce manhajar `watchdog` mai fayil `/etc/watchdog.conf`. Ta fi `systemd` bincike: `max-load-1` don nauyin aiki, `min-memory` don ƙarewar ma'adana, `file` da `change` don fayil ɗin da ya kamata ya riƙa canzawa, `test-binary` don gwajin da ka rubuta da kanka, sai `ping`. Wannan na ƙarshe a yi hattara da shi. A inda intanet ke zuwa yana ɗaukewa, in ka sa adireshin wata saba ta nesa, duk lokacin da layi ya yanke injinka zai yi ta sake tashi ba laifin komai. In za ka sa, sa adireshin rauta da ke ɗaki ɗaya da shi. Kuma in ka zaɓi wannan hanyar, mayar da `RuntimeWatchdogSec` zuwa 0.

Mataki na 6: Gwajin gaske

Gwajin mataki na 4 ya nuna cif na aiki. Wannan zai nuna dukan sarƙar na aiki. Sake tayar da injin tukuna, ka tabbatar direba ya hau da kansa kuma `state` na nuna `active` ba tare da ka taɓa komai ba. Sannan:

```
sysctl -w kernel.panic=0
sync
echo c > /proc/sysrq-trigger
```

Layin ƙarshe yana rushe kanel da gangan. Layin farko kuma yana hana kanel ɗin tayar da kansa, don kada ya yi aikin ka yaba wa agogo. In `kdump`, mai adana bayanan rushewar kanel sannan ya sake tayar da injin, na kunne, kashe shi kafin gwajin saboda wannan dalilin. Ka yi gwajin kana tsaye kusa da injin, ba ta SSH daga wani gari ba. Bayan ya tashi, karanta `/sys/class/watchdog/watchdog0/bootstatus`. A direbobin da ke adana wannan bayani, 32 na nufin agogon ne ya tayar da injin. Ba duka ke adanawa ba, don haka sifili ba hujja ba ce cewa bai yi aiki ba. Da ka gama, sa `kernel.panic=10` a `/etc/sysctl.d/`, don rushewar da kanel ya san da ita ya tashi cikin daƙiƙa 10 ba sai an jira agogo ba.

Mataki na 7: Gibin lokacin tashi, sannan nowayout

In U-Boot ko BIOS ya bar agogon a kunne, `WATCHDOG_HANDLE_BOOT_ENABLED` na sa kanel ya riƙa taɓa shi har sai wata manhaja ta karɓa. To in manhajar ba ta taɓa zuwa ba fa, misali faifan tushe ya ƙi hawa? A saitin asali kanel zai yi ta taɓawa har abada, injin na sandare. Maganin shi ne `watchdog.open_timeout=180` a layin umarnin kanel, ko `CONFIG_WATCHDOG_OPEN_TIMEOUT` lokacin gini. Auna tsawon tashin injinka mafi muni, har da ranar da `fsck` zai duba faifai bayan ɗaukewar wuta, ka ƙara rara mai yawa a kai. In ka gajarta shi, agogon zai riƙa katse gyaran faifan a tsakiya.

Sai yanzu za a yi maganar `nowayout`. In ka mayar da shi 1, da zarar agogo ya tashi babu mai tsayar da shi: `V` ba ya aiki, `rmmod`, umarnin cire direba, ma ba zai tsayar da shi ba. Ga na'urar da ke nesa wannan shi ne daidai, domin manhajar da ta rikice ba za ta iya kashe gadin a hanyar faɗuwarta ba. Amma daga ranar, tsayar da mai taɓawa don wani ɗan gyara na nufin injin zai faɗi cikin wa'adi. Kunshin `watchdog` na da `wd_keepalive` don riƙe agogon a irin wannan lokaci. Canza `nowayout=0` zuwa `nowayout=1` a fayil ɗin mataki na 3, ka sake tayar da injin, ka duba `/sys/class/watchdog/watchdog0/nowayout` ya nuna 1, sannan ka maimaita gwajin mataki na 6. Haka kuma duk lokacin da ka sabunta kanel ko BIOS, domin kowannensu na iya canza direban da zai hau ko ya dawo da hanin da ka cire.